Jakin Turken En'e

In ka fito ta Ƙofar Dumi ka bi gefen tsohuwar ganuwa, za ka ga wani fili da aka kewaye da bulo, yanzu babura ake ajiyewa a ciki. A da turken En'e ne. Nan ake ɗaure dabbar da aka kama tana yawo cikin gari tana ɓarna, har mai ita ya zo ya biya tara ya tafi da abarsa. En'e ta daɗe da shuɗewa, ƙaramar hukuma ta gaje ta, amma sunan ya zauna. Wanda ya riƙe wurin tun yana saurayi har gemunsa ya yi fari shi ne Ɗanlarai. Dakalinmu yana kallon ƙofar turken, saboda haka yawancin abin da zan faɗa daga zaune na gan shi.

Uban Ɗanlarai dillalin awaki ne, kuma ya so ɗansa ya gaje shi. Ranar farko da aka bar masa rumfa, wani ya taya akuya, har an kusa sallamawa, sai Ɗanlarai ya ce masa, “Amma fa tana tari da asuba, kuma ba ta son 'ya'yanta.” Mai saye ya yi godiya ya wuce. Uban ya ƙara gwada shi, abin bai sake zani ba, sai ya ɗauki goro ya je ya ga wani wanda ya san wani. Haka Ɗanlarai ya zama ma'aikacin hukuma, a shekarun da Bauchi ta zama babban birnin jiha. Aka ba shi kaki, da hula mai baki, da igiya, da makulli. Uban ya ce a can dai ba a sayar da komai, sai ya je ya faɗi gaskiya iya son ransa.

Bai daɗe da kama aiki ba aka kawo wata tunkiya. Mata biyu suka zo, kowacce ta rantse tata ce, kowacce ta kawo shaidu, shaidun ma suka kaure da cacar baki. Ɗanlarai ya rasa yadda zai yi, sai ya ce matan su tsaya a bakin ƙofa, ya kwance tunkiyar, ya ce su kira ta. Suka kira har muryarsu ta dushe. Tunkiya ta bi ta tsakaninsu, ta nufi wata tsohuwa da ta zo kallo, ta tusa kai cikin zaninta. Tsohuwar ba ta ma san tunkiyarta ta ɓata ba.

Tun daga ranar ya kafa ƙa'idarsa. Ba hukuma ce ta ba shi ita ba, kuma hukuma ba ta taɓa hana shi ba. Duk wanda ya ce dabba tasa ce, zai tsaya a bakin ƙofa, ya buɗe tafukansa a ga ba dusa ba gishiri, a kwance dabbar, ya kira. In ta zo, tasa ce. In ba ta zo ba, ko da liman ya zo da shi, sai ya koma ya nemo wanda ta sani. Abdulsalam tela ya taɓa tsayawa a ƙofar nan ya kira ragonsa har aka yi azahar, ragon bai ko ɗaga kai ba. Sai da aka aika gida matarsa ta zo, ta yi tsaki sau ɗaya, rago ya taso a guje. Har yau in Abdulsalam ya cika surutu a majalisa akwai mai tambayarsa lafiyar rago.

In dabba ta amsa, ba a tafiya nan take. Saura faɗa. Ɗanlarai zai gyara hula, ya sa hannu ɗaya a baya, ya ce:

“Kai ne mai ita? To, ina kake lokacin da take cin hatsin mutane? Ita ba ta da hankali, kai ma ba ka da shi? Dabba amana ce, ba ta da bakin kai ƙara. Ka ɗaure ta, ka ciyar da ita, ka ba ta ruwa mai kyau. In na sake ganinta a nan, kai zan ɗaure a turken, ita ta koma gida.”

Ba ya ƙarawa, ba ya ragewa. Attajiri da mai tura ruwa kalma ɗaya suke ji. Mutane da yawa sun fi son a ninka musu tara a yafe musu faɗan, amma ba a yi.

Wadda ta fi kowa shan faɗan nan ita ce Matta, matar Obadiya direban tifa. Mutanen kudancin jiha ne, suna haya a bayan ganuwa. Tana toya waina a bakin titi, tana kuma kiwon awaki, in dai sakin dabba da safe a neme ta da yamma sunansa kiwo.

“Maman Jesse, yau ma?”

“Yau ma, Malam Ɗanlarai. Fara da sauri, tanda na kan wuta.”

Sai ya fara, ita kuma leɓenta na binsa. Ran da mura ta sa ya tsallake wani wuri, ita ta tuna masa. Bayan an gama ta ja akuyarta, da yamma ta aiko wa matarsa Sauda waina mai zafi. Shi ba ya ci, wai kada ta zama toshiya. Sauda ba ma'aikaciyar hukuma ba ce, tana ci.

Majalisar jiha takan yi doka, mu kan ji a rediyo. Yawanci abin da ke isowa unguwarmu daga cikin dokar shi ne mai fenti. A zo a goge allon ƙofar turke, a rubuta sabon suna, wani lokaci a sauya launin kaki. Amma wata shekara aka yi wadda ta iso da ƙafarta. Aka raba gari biyu. Duk titin da ke da kwalta na jiha ne, da shararsa da kwatarsa da abin da ke yawo a kansa. Lunguna da hanyoyin ƙasa kuwa na ƙaramar hukuma ne. Ɗanlarai ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, saboda haka igiyarsa ta tsaya inda kwalta ta fara. Masu kamun jiha kuma ana kan shirin ɗaukarsu aiki.

Ban ce awakin Matta suna jin rediyo ba. Abin da na gani shi ne, kafin damina ta wuce sun gane dokar fiye da wasu lauyoyi. Su shiga lungu su ci masarar mai awo, da sun hango hula mai baki sai su taka a hankali su hau kwalta, su kwanta suna tuƙa suna kallonsa. Shi kuma ya tsaya a gefe da igiya.

“Malam, ga ta nan gabanka, miƙa hannu mana!” in ji masu wucewa.

“Ba hurumina ba ne.”

Wata rana ya tarar da babbar akuyar, ƙafafun gaba a kan kwalta, na baya a ƙasa. Ya daɗe yana nazari. Daga ƙarshe ya kama ƙafar baya ya riƙe, amma ya ƙi ja, don in ya ja ya shiga haƙƙin jiha. Haka suka tsaya, shi da ita, masu babura suna kewaye su, har ta gaji ta ja da baya don kanta. Matta ta ce wannan kamun ta yarda da shi, ba ta da ja.

A cikin waɗannan shekaru ne jakin ya zo. Wata ranar kasuwa aka same shi a gindin ganuwa yana cin dangar wani, da mangala a bayansa ba komai a ciki, irin ta masu kawo itace daga wajen Zungur. Toka-toka ne, kunnensa ɗaya a karye. Ɗanlarai ya ɗaure shi, ya ce mai shi yana nan tafe kafin magariba. Magariba ta yi, Juma'a ta zagayo, aka yi girbi. Da yake bai san sunansa ba, sai ya riƙa ce masa Baƙo.

Bisa tsari, dabbar da ta daɗe ba mai ita akan sayar da ita, in umarni ya fito daga ofis. Umarnin bai fito ba. Duk lokacin da maganar ta kusa hawa teburin shugaban ƙaramar hukuma, sai a ji a rediyo an rushe shugabannin an naɗa kantoma. Kafin kantoma ya gano inda turken yake, an yi zaɓe. Kafin zaɓaɓɓe ya gama karɓar masu taya murna, an sake rushewa. Baƙo ya ga shugabanni da dama, su dai ba su gan shi ba.

Abincin dabbobi da ofis ke kawowa ma ya ɗauke a wani daga cikin sauye-sauyen nan. Ɗanlarai ya koma yankan ciyawa da kansa, dusar gidan Sauda kuma ta sami hanya. Da la'asar yakan fita da jakin don ya miƙe ƙafa, su dawo tare, Ɗanlarai da damin harawa a ka, Baƙo yana biye da shi ba ko tsinke a bayansa.

“Malam, ɗora masa mana!” in ji mutane.

“Dukiyar wani ce. Ba a aza mata kaya ba da izinin mai ita ba.”

Kuma bai daina neman mai shi ba. Duk mai jaki da ya shigo daga hanyar Zungur sai ya tare shi: “Ko ka san wanda jakinsa ya ɓata, toka-toka, mai karyayyen kunne?” Har suka san shi, tun daga nesa suke ɗaga hannu su ce ba su ji ba tukuna. Ya taɓa ɗaukar hutu ya tafi Zungur ɗin da kansa yana cigiya gida-gida. Ya dawo da kabewa da aka ba shi kyauta, Baƙo ya cinye rabinta.

Sauda mace ce mai haƙuri, amma haƙurin nata yana magana.

“Malam, ka ce naka ne mana, ko ruwa ya ɗebo mana sau ɗaya kafin in mutu.”

“An hana ma'aikacin turke ya ce dabbar turke tasa ce, shi da iyalinsa. Ranar da aka ba ni makulli aka gaya mini.”

“To shi ba a hana shi ya ce kai nasa ne ba? Tabarmata ya ci, zogalen da na shanya ya ci. Baƙo! Wane irin baƙo ne wannan, da ya riga autarmu zuwa kuma ga ta an kusa kai ta ɗaki?”

Haka ake ciki har dokar ƙarshe ta zo. Majalisa ta rushe duk turakun ƙananan hukumomi, ta miƙa aikin ga wata sabuwar hukumar jiha mai dogon suna da babbar mota. Aka sa ranar karɓar makulli. Duk dabbar da ta rage a turke ba mai ita, motar za ta kwashe a kai gwanjo. A turkenmu dabba ɗaya ce ta rage. Kowa kuma ya san su wa ke sayen tsohon jaki a gwanjo. Ba don ɗaukar kaya suke saye ba, fatar suke so.

Ɗanlarai ya ci gaba da aikinsa kamar kullum. Tuwonsa dai ya riƙa komowa kamar yadda aka kai shi. Sai ka hange shi zaune a kan turmi kusa da jakin, yana cire masa ƙaya daga jela, alhali ba ƙayar.

Jami'in da aka ɗora wa karɓar turken shi ne Mansir, ɗan Zinariya ta nan unguwar, wanda yanzu yake zaune a GRA. Ana saura 'yan kwanaki ya zo gaida uwarsa, ya biyo ta dakalinmu, ya zauna. Aka gaisa. Can sai ya ɗaga kai yana kallon sama ya ce, “Dabbar da mai ita ya bayyana kafin mota ta tashi, ba ruwanmu da ita.” Ba wanda ya tambaye shi. Ya sake faɗa, wannan karon da ɗan ƙarfi, daidai lokacin da Sauda ke wucewa da tulu. Sannan ya yi sallama.

A yammacin nan aka ga Sauda a wurin tandar Matta, kai a haɗe, sun daɗe. Ni ban ji abin da suka ce ba.

Ranar ta zo. Da hantsi mota ta tsaya a ƙofar turke, da ƙarti biyu masu lodi a baya. Unguwa ta fito kaf, har masu shaguna suka ja ƙofa. Ɗanlarai ya sha guga, hularsa ta sha wanki. Mansir ya sauko cikin farar shadda, ya gaida manya, ya ce, “Kafin mu fara, ko akwai mai cewa jakin nan nasa ne?”

Abdulsalam tela ya fito yana gyara wuyan riga. “Nawa ne. Ya ɓace mini tun da daɗewa, kunya ce ta hana ni magana.”

Ɗanlarai ya dube shi. “Kai da ragonka ma bai san ka ba?”

“Rago daban, jaki daban.”

“To tsaya a ƙofa. Buɗe hannu.”

Aka kwance Baƙo. Abdulsalam ya kira da murya, ya kira da fito, ya tafa, ya durƙusa yana lallashi kamar mai bikon amarya. Baƙo ya yi hamma. Wani daga baya ya ce a aika a kira matarsa.

Sai Obadiya. Ya ce jakin kawunsa ne, ya gane shi ta kunnen nan. Ya tsaya a ƙofa ya ƙwala kira da muryar da yake yi wa masu lodin yashi, ya yi da Hausa, ya yi da yarensu. Baƙo ya juya a hankali ya ba shi baya.

“Haka yake yi wa kawun nawa ma,” in ji Obadiya.

“Koma gefe, Baban Jesse.”

Mansir ya share gumi. “Baba, ai ba sai an tsananta ba. Mutum ya ce nasa ne, ga jama'a sun ji.”

“Ranka ya daɗe, jakin bai ji ba.”

Sai Matta ta ratso taro, ta sha ɗaurin ɗankwali mai tsawo irin na zuwa coci ranar Lahadi. Ta tsaya a ƙofa ta buɗe tafukanta, ta juya su gaba da baya kowa ya gani. Ta ce, “Zo nan, ɗan albarka.”

Baƙo ya ɗaga kai. Ya buɗe hanci. Ya taho tiryan-tiryan har gabanta. Mata suka rangaɗa guɗa, Sauda ta ɗaga hannu sama, Mansir ya yi maza ya ce, “Shi ke nan, mai shi ta bayyana, direba ta da mota!”

Da jakin ya tsaya nan, da labarin ya ƙare. Amma ya miƙa wuya, ya kama ɗankwalin da haƙora, ya fizge. Waina ta zubo daga kan Matta, tana ta gangarawa cikin ƙasa. Baƙo ya sunkuya ya kama aiki.

Wuri ya yi tsit, sai ƙarar taunarsa.

“Ni ban ga komai ba,” in ji Mansir.

“Ni na gani,” in ji Ɗanlarai.

“Malam Ɗanlarai, ka ji tsoron Allah!” in ji Matta, tana rufe kai da hannu. “Tun asuba waina ke ƙona mini ƙeya saboda kai! Ya zo ko bai zo ba?”

“Ya zo. Amma wurin waina ya zo, Maman Jesse, ba wurinki ba.”

Sauda ta dafa ƙirji. “Ni Sauda! Dusata ta shekara da shekaru, shinkafar wainar nan ma tawa ce! Mun kawo maka tela, mun kawo maka direba, mun kawo maka mai waina, duk ka kore su. Kai wai da wa kake, da mu ko da masu fata?”

Ɗanlarai ya kafa ido a ƙasa. Wanda ya gaya wa mai saye cewa akuya tana tari, ba yau zai koyi wani abu ba.

Mansir ya yi ajiyar zuciya. Ya ce, “To, Baba, sai mu karɓi kayan hukuma.” Ɗanlarai ya miƙa makulli, Mansir ya jefa a aljihu. Ya miƙa igiya. Ya cire hula ya dube ta, ya miƙa. Mu da muka yi shekaru muna zama da shi, ranar muka san yana da sanƙo.

“Koma can bakin ƙofa ka tsaya, Baba, kada ƙartin nan su buge ka.”

Ya je ya tsaya. Aka sauke bayan mota, aka kafa katako. Ƙarti suka sa wa Baƙo igiya, ɗaya yana ja, ɗaya yana turawa. Jakin da ya yi shekaru bai yi aikin komai ba ya kafe ƙafafu huɗu, ya nuna musu ƙarfin da ya daɗe yana tarawa. Da ƙyar suka kai shi tsakiyar katakon. Ɗanlarai ya kasa kallo. Ya juya baya, ya ce a hankali, kamar mai magana da kansa, “To, Baƙo, sai wata rana.”

Mu da ke kusa da ƙyar muka ji. Karyayyen kunnen nan ya ji. Jakin ya yi wata irin zabura, mai ja ya saki igiya ya rungumi ƙarfen mota, mai turawa ya zauna cikin kwata. Baƙo ya diro, ya bi ta kan sauran wainar bai ko dube ta ba, ya zo ya ɗora haɓarsa a kafaɗar Ɗanlarai, ya saki kukan da sai da aka ji shi a cikin gari.

Mansir ya jira kukan ya ƙare. Sannan ya juyo ga taro.

“Jama'a, ina mutumin nan yake tsaye?”

“Bakin ƙofa!”

“Me ke hannunsa?”

“Babu!”

“A duba kansa,” in ji Matta. “A'a, ba sai an duba ba, ga shi nan yana ƙyalli.”

“Ranka ya daɗe, ni ban kira shi ba,” in ji Ɗanlarai. “Sallama na yi masa.”

“Ka ambaci sunansa ko ba ka ambata ba?”

Ƙarya dai ba za ta fito ba. “Na ambata. Amma an hana ma'aikacin turke...”

“Wane turke, Baba? Doka ta rushe shi tun da makulli ya shiga aljihuna. Yanzu kai talaka ne kamar kowa. Ƙa'idar kuma taka ce, ba ni na kafa ta ba. Wanda ya tsaya a ƙofa hannu wofi, ya kira, dabba ta zo, ta wa ce?”

Ɗanlarai ya nemi kafa a cikin ƙa'idarsa, ya tarar tun yana saurayi ya toshe su duka. Ya ce, “Tasa ce.”

Ni dai na lura Mansir ya karɓi makulli tun kafin a sauke bayan mota, kuma shi ya zaɓa masa wurin tsayawa. Ko da gangan ne, ban tambaye shi ba.

Abdulsalam ya ce to tara fa, jakin mutum ya daɗe haka a hannun hukuma. Mansir ya ce tara ta ƙaramar hukuma ce, ita kuwa ba ta da turke yanzu. Jiha tana da mota, amma ba a riga an gaya mata abin da za ta karɓa ba. Saboda haka ba mai karɓa.

“Tara ta faɗi,” in ji Matta. “Faɗa bai faɗi ba. Ɗana, miƙo hular nan.”

Mansir ya miƙa mata. Ta kifa hula mai baki a kan kitsonta mai maiƙon waina, ta sa hannu ɗaya a baya, ta zo gaban Ɗanlarai ta tsaya.

“Kai ne mai shi?”

“Ni ne.”

“Ɗaga murya, na baya ba su ji ba.”

“Ni ne.”

“To, ina kake lokacin da yake cin dangar mutane? Da tabarmar Sauda? Da wainata? Shi ba shi da hankali, kai ma ba ka da shi? Dabba amana ce, ba ta da bakin kai ƙara. Ka ɗaure shi, ka ciyar da shi. In na sake ganinsa a nan...”

“Kin tsallake maganar ruwa,” in ji Ɗanlarai.

“Ka ba shi ruwa mai kyau! In na sake ganinsa a nan, kai zan ɗaure a turken, shi ya koma gida!”

Duk wanda ya taɓa shan faɗan nan, wato kusan kowa a wurin, tare da ita ya ƙarasa. Ɗanlarai ya saurara kansa a sunkuye har ƙarshe, kamar yadda yake so a saurare shi. Mota ta tashi ba komai a ciki sai ƙarti biyu, ɗaya yana wari.

A ranar ya ci wainar Matta karo na farko. Ya ce ashe Sauda ta daɗe tana jin daɗi.

Babbar motar ba ta iya shiga lungunanmu, saboda haka awaki suka sami 'yanci a kwalta da ƙasa baki ɗaya. In ɓarna ta yi yawa, mutane kan ja dabbar su kai ƙofar gidan Ɗanlarai. Sai ya ce shi yanzu ba shi da hurumi, yana faɗa yana ɗaure ta a gindin darbejiya. Baƙo ya koma cikin gida, kusa da madafin Sauda. Ruwan da take fata bai taɓa ɗebo shi ba, don da ya zama nasu sai Ɗanlarai ya ce ya tsufa, ba a fara koya wa dattijo aiki.

Sunan bai sauya ba, Baƙo ake ce masa har ya mutu a kan shimfiɗar harawa. Abu ɗaya ne ya sauya. Masu jakai da ke shigowa daga hanyar Zungur sun ci gaba da ɗaga hannu daga nesa, suna jiran tambayar da suka saba. Ɗanlarai kuwa da ya hango su sai ya tuna yana da wani uzuri a cikin gida. Ya tashi a hankali, ya naɗe buzunsa, ya shige, ya sakaya ƙofar zaure.